Gidan tarihin masaƙar Boott a Lowell: ya cancanci kuɗin shigarsa

Duk wanda hanya ta kai shi Boston a Amurka, ya daure ya hau jirgin ƙasa daga North Station zuwa Lowell, tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba. Can ne masaƙar Boott take, wadda aka fara ginawa a 1835 a bakin kogin Merrimack, yanzu kuma ta koma gidan tarihi.

Tun a ƙofa ake miƙa maka abin toshe kunne. Kada ka ƙi karɓa. Ɗakin saƙar cike yake da injuna jere reras, na wajen shekarun 1920 ne, ba na farkon ba, amma da aka kunna kaɗan daga ciki sai na ji daɓen katakon yana rawa ƙarƙashin ƙafata, ƙarar kamar an tara injinan niƙa na unguwa guda a ɗaki ɗaya. Ƙoshiya na kai da komowa, ido ba ya iya bin ta. A irin wannan ƙara 'yan matan ƙauyukan New England, yankin arewa maso gabashin Amurka, suke wuni a da, wajen awa 13 a rana, tagogi a rufe don kada zare ya bushe ya tsinke, ƙurar auduga na shiga huhu. Raina ya sosu ƙwarai.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba a nuna su a matsayin abin tausayi kawai ba. Sun yi yajin aiki a 1834 da aka rage musu albashi, suka sake a 1836. Suna da mujallarsu, Lowell Offering, daga 1840 zuwa 1845, su ke rubuta ta bayan an tashi aiki. Sarah Bagley, ɗaya daga cikin ma'aikatan, ta ja ragamar ƙungiyar da ta kai koke majalisar jihar Massachusetts a mayar da aiki awa 10. Majalisa ta ƙi, doka ba ta zo ba sai 1874. Ba a kuma ɓoye cewa audugar bayi ne suka noma ta a Kudancin Amurka ba.

A leƙa gidan kwanan 'yan matan da ke kusa, a ga ƙananan gadajen da ake kwana bibbiyu da dokar rufe ƙofa ƙarfe 10 na dare. Mai son shiga jirgin ruwa ya zaga magudanan da suka riƙa juya injunan a da, ya zo da bazara, don lokacin sanyi ba a yi.