Hoda, firaima ko feshi: wanne ke riƙe kwalliya a zafin Gusau?

'Yan uwa mata, a Gusau watan Afrilu zafi kan wuce digiri 40, kuma duk wadda ta zauna ƙarƙashin rumfa wajen kamu ta san yadda ake, tun ba a fito da amarya ba hanci ya fara ƙyalli, faundeshan ya bi zufa ya sauka kan mayafi. Abu uku ake tallata mana a kan wannan matsala, firaima da ake shafawa kafin faundeshan, feshin fuska da ake fesawa bayan an gama kwalliya, da hodar gari, kuma ba kowa ke da kuɗin haɗa su duka ba.

Ni dai in ɗaya za ki saya, sayi hodar gari. Zufa da maiƙo su ke narkar da kwalliya, hoda kuwa aikinta kenan ta shanye su. Amma sai an iya sa ta. Ki jiƙa soson kwalliya ki matse shi sosai har ya daina ɗiga, ki dangwali hodar ki danna a ƙarƙashin ido, gefen hanci, goshi da haɓa, dannawa fa ba gogawa ba, ki bar ta kamar minti 5 kina ɗaurin kallabi sannan ki kakkaɓe da burushi. Wadda ta fi kwanta min ita ce Sacha Buttercup, 'yar ƙasar Tirinidad, launinta ruwan ɗorawa ne shi ya sa take bin fatarmu ba ta mayar da mutum toka-toka. In kuɗin bai kai ba ki duba ta Zaron, kamfanin Najeriya ne. Kuma roba ɗaya tana daɗewa don kaɗan ake ɗiba.

Firaima ba laifi in fatarki mai maiƙo ce sosai, sai dai in kika sa mai silikon a ƙarƙashin faundeshan mai ruwa yakan dunƙule ya riƙa murjewa. Feshi kuwa su Urban Decay All Nighter suna aiki amma tsada, masu arhar kuma da yawa ruwa ne da ƙamshi. Masu shafa Milk of Magnesia a fuska wai don hana maiƙo, don Allah ku bari, maganin ciki ne, yana busar da fata ya jawo ƙuraje. Sannan duk abin da za ki sa ki fara yin alwala tukuna, musamman in kayan naki irin wanda ruwa ba ya ratsawa ne.

Yanzu ga inda raina ke ɓaci, jabu. Wata mai sayarwa a WhatsApp ta taɓa kawo min hoda ta rantse orijinal ce daga Dubai, a madubi lafiya lau, da hotunan dina suka fito fuskata fari fat wuyana baƙi, bayan kwana biyu ga ƙaiƙayi. Tun daga nan ba na biyan kuɗin hoda sai na shafa ta a bayan hannu na shiga wuri mai duhu na ɗauki hoto da filashi. In ta yi fari ki ajiye musu abinsu, ko jabu ce ko silika, sinadarin da ke fitowa fari a filashi, ta yi mata yawa, duka biyun ba su da amfani a biki.

Ki sansana kuma, jabu kan yi warin fenti ko turare mai hawa kai. Ki murza a yatsa, in kin ji tsakuwa-tsakuwa to da matsala. Ki duba rubutun kwali, harafi ya karkace ko kala ta koɗe ko lambar da ke ƙasan roba ta saɓa da ta kwali. Ki nemi lambar NAFDAC, da ɗan hoton nan na buɗaɗɗen gwangwani mai 12M ko 24M, wato watannin da za ta yi bayan an buɗe. Waɗanda ake ƙullawa a ƙananan robobi ba suna ba komai a ce wai an ɗibo daga babba, ni ko kyauta ba na karɓa. Kuma in farashin ya faɗi rabin na shago ana cewa "hajiya don ke ce", ki ce a buɗe a gabanki ki gwada, in ta fara kame-kame ki kama hanyarki.