Jagoran masu ɗaukar hoto a Agadas: inda kuɗina ya yi aiki da inda ya tafi a banza

Tun da na fara sa hotunan tsohon garin Agadas, tambaya ɗaya ake ta maimaita mini: sai da jagora, ko mutum zai iya rataya kyamararsa ya kutsa lungu shi kaɗai? A cikin gari dai ku ɗauki jagora. Amma fitar yamma zuwa bayan gari da ake haɗa wa baƙi don hoton faɗuwar rana, wannan ku riƙe kuɗinku.

Sana'ata hoton biki da suna ce a Kano. A can mutane ne ke kirana, sun ci kwalliya, jira kawai suke in ce a matso. Ɗaukar rayuwar jama'a yadda take wani fage ne daban, domin babu wanda ya gayyace ka. Wani abokin sana'a a Damagaram ne ya haɗa ni da wani ɗan ƙaramin ofishi a Agadas mai shirya wa masu kyamara zagaye. Zan sakaya sunansa tunda akwai ƙorafi a maganata. Mun yi ciniki ta WhatsApp a kan abu huɗu: jagora mai jin Hausa da Abzinanci, hawa hasumiyar babban masallaci, zama wurin maƙera, sai fita da mota bayan gari.

Jagoran da suka ba ni dattijo ne, tsohon direba. Ya yi zamanin da jiragen 'yan yawon buɗe ido ke tasowa daga Faransa su sauka Agadas kai tsaye, yana kwasar su zuwa duwatsun Abzin da rairayin Tenere. Tawayen Abzinawa na 2007 ya karya wannan kasuwa, sace ma'aikatan ma'adinai a Arlit a 2010 ya ƙarasa ta. Abokan aikinsa da yawa suka koma jigilar matafiya zuwa Libiya, dokar 2015 ta hana, aka kama motoci, wasu suka nufi haƙar zinariya a Jado. An soke dokar a watan Nuwamban 2023, shi kuwa ya ce ƙashinsa ya tsufa da wannan hanya. Duk wannan a bakin shayi na ji shi, ba ya cikin abin da na biya.

Abin da ya fara yi shi ne ya sa na mayar da kyamara cikin jaka. "Malam, bar ta ta huta tukuna, gaisuwa ce gaba." Raina bai so ba, don hasken safiya yana wucewa, katangun ƙasa sun yi ja kamar yadda nake so. Haka muka bi lunguna muna tsayawa ƙofa ƙofa, ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, wannan baƙo ne daga Kano. A nan na gane abin da nake saye. Tarihin gari kowa zai iya karantawa a waya. Abin da waya ba ta da shi: wane gida aka yi rasuwa ana zaman makoki, wane malami ne ba ya yarda da hoto sam, wace tsohuwa ce za ta ce a'a da farko alhali so take a ƙara roƙo. Baƙo makahon gari ne, ko da Hausa ɗaya muke yi da su.

A wani zaure muka tarar da wata tsohuwa tana saƙar tabarmar kaba, ta jiƙa kabar a ƙwarya kusa da ƙafarta. Jagora ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, "Inna, ɗanki yana son hoto." Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. "Ɗana, me za ka yi da fuskar tsohuwa? Ɗauki hannun, shi ke aikin." Na ɗauki hannun: yatsu masu kanta, lalle ya koɗe a farce, tsinken kaba rinanne ja yana shiga yana fita tsakanin farare. Da na nuna mata a bayan kyamara, sai ta kira jikarta ta zo ta ga hannun kakarta, suna dariya. Fuskar ba ta bayar ba har muka tashi, jagora kuma bai matsa mata ba. Cikin duk abin da na dawo da shi, wannan hoton aka fi tambayata a kansa.

Wurin maƙeran azurfa ma ya yi tsari mai kyau. Bai kai ni shagon da aka jera kaya a gilashi ba. Sai da ya tambayo lokacin da za su yi zubi, muka je daidai lokacin. Suna fara siffanta abin wuyan nan da aka san Agadas da shi da kakin zuma, su lulluɓe da yumɓu, su gasa har kakin ya narke ya tsiyaye, sannan su zuba narkakkiyar azurfa a gurbinsa. In ta huce a fasa yumɓun, don haka kowane zubi da nasa mazubin. Yaro na kan zugazugi, babban maƙerin ya danne aikin da yatsun ƙafa yana gogewa da magagari. Ɗakin duhu ne, haske ta ƙofa kawai yake shigowa, kuma jagora ya hana ni kunna filasha, ya ce yana ɗauke musu ido a kan wuta. Za a so ka sayi wani abu kafin ka tashi. Ni ban ga laifin hakan ba, mutum ya ba ka safiyarsa.

Hasumiyar masallaci ita ce kowa ke zuwa dominta. Tsayinta mita 27, ginin ƙasa zalla, itatuwa sun leƙo daga jikinta ta ko'ina, su ne matakan magina idan za a sabunta yaɓe. An gina masallacin a 1515, aka sake gina hasumiyar a 1844, kuma a 2013 UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya. Ofishin ya cika alkawari, mai kula da wurin yana jiran mu. Abin da ba su gaya mini ba shi ne matsin matakalar. Tana ƙara tsukewa kana hawa, ga jemagu suna gilmawa ta kunnenka, kusa da ƙarshe sai da rarrafe. Babbar jaka ba ta wucewa. Ku hau da kyamara ɗaya da gilashi ɗaya, ku sa rigar da ba ku jin ta.

Daga sama garin ya baje a gabanka, ga fadar Sarkin Abzin dab da masallaci, ga soraye, ga duwatsu can arewa cikin hazo. Ga kuma tsakar gidajen mutane a buɗe, mata na daka, wasu na wanka wa yara. Jagora ya dafa kafaɗata ya ce kar in juya gilashi can. Ya yi daidai. Da wani zai hau bene a unguwarmu ya saita kyamara cikin gidanmu, na san abin da zai biyo baya.

Ƙorafina na farko a kan tarihin da yake bayarwa ne. Haddar da aka shirya wa Turawa ce, kuma bai sauya ta don ni ba. Ya daɗe da ni a gidan da Heinrich Barth, Bajamushen nan da ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka a 1850, yana nuna mini allon da aka manna da 'yan tarkacen da aka ajiye. To, Barth ya yi aiki, ya ma wuce Kano a 1851 ya rubuta abin da ya gani. Amma garin da sarautarsa ta kafu tun ƙarni na 15, a ce babban labarinsa shi ne wani baƙo ya kwana a ciki? Sai da na tambaya da bakina kafin ya ambaci Kawusan, wanda ya yi wa sojan Faransa ƙawanya a Agadas daga ƙarshen 1916 zuwa watan Maris na 1917, da goyon bayan Sarkin Abzin Tagama, da kuma malaman gari da aka kashe bayan Faransawa sun karɓe garin. Da ya fara wannan, murya ma ta sauya, ya daina hadda ya koma labari irin na wanda ya ji daga kakanni. Na tambaye shi inda aka yi baƙin rawani mai sheƙi da yake naɗawa ranar salla. Ya yi dariya ya ce, "Ai daga wajenku ne, Kura." Ayarin da ke sauko da kantun gishirin Bilma da dabino, ya koma da hatsi da turkuɗi, shi ne igiyar da ta ɗaure Agadas da ƙasar Hausa, amma babu shi a cikin haddar. Duk Bahaushen da zai ɗauki wannan ofishi, ya faɗa tun a ciniki cewa wannan ɓangaren yake so.

Babban ƙorafin kuwa fitar yamma ce, wadda ta cinye kusan rabin kuɗin. Mota ta zo a makare, ruwan shan da aka ce yana ciki babu. Muka isa wani ɗan tudun rairayi ba nisa da gari, muka tarar da saurayi da raƙumi suna jira. Yana sanye da rigar ƙwallo, yana latsa waya. Da ya hango mu ya ciro shuɗiyar riga da rawani da takobi daga buhu, ya shirya, ya hau, ya juya fuska wajen rana. Ya san inda zai tsaya fiye da ni. Hotunan sun yi kyau, ba ƙarya, amma irinsu sun cika intanet, kuma wannan aikin shi nake yi kowane Asabar a Kano, sai dai a can kowa ya san kwalliya ce. Na roƙe shi ya mayar da rigar ƙwallon in ɗauke shi yana ba raƙumin ruwa. Ya dube ni da mamaki, ya dubi direba, sannan ya yarda. Da na ji abin da ake ba shi cikin kuɗin da na biya, sai na ƙara masa jika biyu, wato sefa dubu biyu, a hannu. Ban ga laifin yaron ba, neman abinci yake. Ofishin ne ya tallata mini abin a matsayin rayuwar makiyaya.

Kasuwar dabbobi ba ta cikin tsarinsu, ita ce kuwa ta fi. Jagora ya raka ni da sassafe don ra'ayin kansa. Dillalai na ciniki hannu cikin hannu, ana buɗe bakin raƙumi ana duba haƙora, ga kantun gishiri a jere, ga mata masu cuku. Ba wanda ya sauya riga don ni.

Wasu 'yan abubuwa ga mai shirin zuwa. Ƙura ba ta da tausayi, musamman da hunturu, kar ku sauya gilashin kyamara a fili. Wuta tana ɗaukewa, ku zo da batir fiye da ɗaya. Kar ku ɗauki soja, bariki, shingen jandarma ko filin jirgi, jirgin ɗaukar hoto maras matuƙi kuwa ku bar shi a gida. Garin da Amurka ta yi sansanin irin waɗannan jirage har zuwa 2024 ba wurin gwada wannan ba ne. Takardunku su kasance a aljihu kullum, kuma ku tambayi halin hanya kafin ku bar Damagaram.

Na tambayi ofishin farashin lokacin Biyanu, bikin da ake yi a farkon shekarar Musulunci, inda gari ke rabuwa gabas da yamma ana kaɗa tambura ana zagaye. Kuɗin da suka faɗa ya kusa ninka na yanzu, kuma har da fitar yamman a ciki, sun ce ba a cire ta. Jagora ya ce in kira shi kai tsaye. Ban yanke shawara ba tukuna, domin ofishin ne ke nemo izinin hasumiya, kuma shi dattijon a wurinsu yake samun aiki sauran watannin shekara.