Ruwan ɗanyen inabi da na sayo a Izmir

A gidanmu duk abin shan da ake ajiyewa kusa da abinci mai zaƙi ne: zoɓo da sukari, kunun aya, lemon kwalba. Sai da na zo karatu Izmir, a ƙasar Turkiyya, na gane cewa zaƙin nan yana danne ɗanɗanon abinci. Abin da ya fahimtar da ni kuwa wata kwalba ce ta koruk suyu, wato ruwan ɗanyen inabi, da na saya a tsohuwar kasuwar Kemeraltı.

Koruk a harshen Turkiyya shi ne inabin da bai nuna ba. Ana tsinke shi wajen watan Yuli, yana kore shar, kafin zaƙi ya shige shi, a matse a tace. Ba a ajiye shi ya tsima ya zama giya, don haka babu barasa a cikinsa, kuma wannan ce tambayar farko da na yi wa mai shagon kafin na ciro kuɗi. Faransawa suna kiransa verjus, kuma Iraniyawa da mutanen Labanan sun daɗe suna girki da shi. Aikin da farar giyar inabi marar zaƙi take yi a teburin Turawa, wato wanke baki da tsami tsakanin loma da loma, shi ne wannan yake yi wa wanda ba ya shan giya.

Launinsa ruwan ɗorawa ne mai haske da ɗan ratsin kore. Ƙamshinsa ya tuna mini da ɗanyen mangwaron da muke jifa a bishiya kafin ya nuna. Da na kurɓe shi zallansa, haƙorana sai da suka mutu. Amma tsaminsa bai kai na lemon tsami kaifi ba, kuma yana barin ɗan bauri a bayan harshe. Da na zuba kashi 1 nasa cikin kashi 3 na ruwan soda mai sanyi, sai ya zauna daidai.

Gasasshen kifi na fara gwada shi da shi, irin wanda suke kira levrek, an shafa masa man zaitun da gishiri kawai. A nan ne na yarda da kwalbar. Fatar kifin tana da maiƙo, kuma da lemon kwalba ne, bayan loma uku baki zai yi nauyi. Da wannan kuwa, kurɓa ɗaya sai maiƙon ya tafi, loma ta gaba ta zo kamar ita ce ta farko, har na ji garɗin naman da ke kusa da ƙaya, wanda a da ban taɓa lura da shi ba.

Ya kuma dace da masar da na soya ranar Asabar. Kilishin da aka aiko mini daga gida ma ya karɓe shi: ya fito da ɗanɗanon ƙuliƙuli da citta, bai kuma ƙara wa yajin zafi ba.

Wuri biyu bai yi ba. Da miyar yakuwa, tsami ya haɗu da tsami, tuwon ya rasa gane kansa. Da baklawa kuma, zaƙinta ya sa ruwan ya koma kamar magani.

Mai saye ya duba takardar jikin kwalba da kyau, domin akwai wanda ake dafawa ya yi kauri don zubawa a salak, wannan ba na sha ba ne. Idan an buɗe, a sa a firij, a shanye da wuri. Tawa ta fara canja ƙamshi bayan mako biyu. Na riga na sayi wata, na ajiye ta a rufe har Babbar Sallah, don ina so in ji yadda za ta yi da soyayyen naman rago.