Masar ko Indiya: ina za a kai majinyaci daga Kebbi?

Idan likita a Birnin Kebbi ya tura mutum asibitin koyarwa na Sakkwato, can ma aka ce sai an fita waje, ƙasashe biyu ne ke zuwa bakin dangi: Masar da Indiya. Kafin a kai shanu kasuwar Jega ko a jinginar da fadama, yana da kyau a san irin hajar da kowacce ke sayarwa, domin jinyar baƙi sana'a ce da ke shigo musu da dala.

Indiya ta daɗe tana wannan harka. Tun da ta buɗe tattalin arzikinta a 1991 take sayar wa duniya ƙwarewar mutanenta, har abin da take samu daga ayyukan hidima ya haura dala biliyan 300 a 2023. Akasarinsa daga aikin kwamfuta ne, amma asibitoci masu zaman kansu sun bi sahu. Apollo ya fara a Chennai tun 1983, Medanta kuma a 2009 kusa da Delhi. Irin waɗannan suna da ofishi na musamman don baƙi, su ɗauko ka daga filin jirgi, su haɗa ka da tafinta. Gwamnati ma ta ware bizar jinya da ta mai rakiya.

Masar kuwa ƙarfinta na ga mashigin Suez da yawon buɗe ido. Suez kaɗai ya kawo dala biliyan 9.4 a shekarar kuɗi ta 2022/23, kafin rikicin Bahar Maliya ya rage shi. Kuɗin Masar, wato fam, ya faɗi warwas sau da dama, musamman a Nuwamban 2016 da Maris 2024, daga ƙasa da fam 9 a dala ɗaya zuwa kusan 50. Kada wannan ya ruɗe ku. Sauƙin yakan tsaya ga hayar ɗaki da cefane, amma asibiti da dala yake yi wa baƙo lissafi, dalar da ta yi mana tsada tun da aka saki naira a Yunin 2023.

Abin da ke jan mutanenmu Alƙahira shi ne kusanci. EgyptAir na tashi daga Kano kai tsaye, kimanin awa biyar. Mai zuwa Indiya sai ya sauya jirgi a Addis Ababa ko wani wuri, wanda wahala ce babba ga dattijon da ba ya iya zama. Ga masallaci a kowace unguwa, ga ɗalibanmu na Azhar da ke taimakawa da Larabci.

A ganina, aikin ido, na ƙashi, ko binciken da bai wuce mako biyu ba, Masar ta wadatar. Tiyatar zuciya, ciwon daji da dashen ƙoda, na fi karkata ga Indiya. Sai dai dokarta ta 1994 ta tsananta kan dashe: a tafi da ɗan uwa na jini da takardun shaida. A tuna kuma asibitin Malam Aminu Kano na dashen ƙoda tun 2002, a fara tambaya can.

Dillalai ne suka fi damuna, don kamashonsu a cikin kuɗin majinyaci yake fita. A tura sakamakon gwaje-gwaje ga asibitin kai tsaye, a nemi ƙiyasin kuɗi a rubuce, a tambaya ko ya haɗa da kwanakin ɗakin kulawa ta musamman. A shirya katin rigakafin cutar shawara, a kuma samu likita a gida wanda zai ci gaba da duba shi bayan an dawo.