Yadda na samo kayan gyaran tsohon Honda CG125 a Ƙofar Ruwa

Babur ɗin nan na mahaifina ne, Allah ya jiƙansa. Honda CG125, ja, irin na farko-farko. Shekara uku yana jingine a zaure, ƙura ta lulluɓe shi, sai bana na ɗaura niyyar tayar da shi. Bakanikena ya buɗe injin ya lissafa min abin da za a nemo: fistin da ringi, gaskit, sarƙa, sai kwantak da kwayil, kayan da ke kai wa filogi wuta.

Kayan cikin inji ba su ba ni wahala ba. Tun 1975 da Honda ta fito da wannan babur, an yi shi ne don ƙasashen da hanya ba ta da kyau kuma ba a cika canza baƙin mai kan lokaci ba, shi ya sa ƙirarsa ba ta da sarƙaƙiya. Kamfanonin China da dama sun kwaikwayi injin, don haka gaskit da ringi a shagon unguwa na same su, suka kuma zauna daidai.

Wuta ce ta wahalar da ni. Nawa mai volt 6 ne da kwantak, alhali kusan duk abin da ke kasuwa yanzu volt 12 ne mai CDI, wato ɗan akwatin lantarki da ya maye gurbin kwantak, galibi na Bajaj Boxer da na China. Wani mai shago ya rantse min kwayil ɗinsa zai yi. Muka ɗaura, babur ko tari bai yi ba, da na mayar kuma ya ce kayan wuta ba a dawo da su. Abin ya ƙona min rai, don da ya faɗa min gaskiya da ban yi asarar kuɗin ba.

Daga nan bakaniken ya kai ni kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano, wurin wani dattijo mai kayan gwanjo. Ina gaishe shi na fara bayani, ya ce: "Ɗana, ina tsohon da aka cire?" Na miƙa masa. Ya jujjuya shi, ya shige ciki, ya zazzage buhu biyu a gabanmu, ya zaro ɗan'uwansa sak, orijina. Bai karɓi ko sisi ba sai da ya gwada shi da mita muna kallo, sannan ya ce in bai yi ba cikin kwana uku in dawo masa da shi. Kwantak ma a wurinsa na samu.

Kuɗin kwayil ɗin ya kusa ninka na sabon ɗan China, kuma ban yi ciniki mai tsawo ba, domin na ga abin da nake saye. Sai dai shagon ba shi da allo, wanda bai sani ba zai wuce shi sau goma, kuma dole ka ware rabin yini. Ƙwan fitila mai volt 6 ma babu. Shi kansa ya ba ni shawarar in mayar da wutar volt 12 in huta. Na san gaskiya ya faɗa, amma zuciyata ba ta yarda ba tukuna. Ina son babur ɗin yadda Baba ya bar shi.

Bugu biyu ya tashi. Inna tana tsakar gida ta ji ƙarar, ta fito zaure ta tsaya, ta daɗe ba ta ce komai ba. Yanzu saura murfin gefe mai tambarin asali, kuma dattijon ya ce in leƙo bayan sallah.