Sharhi kan Allurar Sumatriptan: Saurin Aikinta da Ƙa'idojinta

Wanda ciwon ɓarin kai ke zuwa masa da amai ya san takaicin haɗiye ƙwaya ta dawo kafin ta narke. A nan allurar sumatriptan, wadda ake sayarwa da sunan Imigran ko Imitrex, ta sha gaban sauran magunguna. Miligiram 6 ne a cikin ruwa rabin mililita, ana yin ta a ƙarƙashin fata, kuma sauƙi kan fara samuwa cikin minti 10 zuwa 15. Ga mai ciwon kai na kulasta, wato wanda ke tsira a bayan ido ɗaya da hawaye da toshewar hanci, ya lafa ya sake tasowa a rana guda, kusan ita ce madogara, don kafin ƙwaya ta fara aiki ya riga ya sha wuyar.

Allurar tana zuwa ne a cikin na'ura mai kama da alƙalami, kuma ba shi da wuyar sarrafawa. A wanke hannu, a goge gefen cinya na waje, a bari ya bushe. A duba ruwan, in ya yi duhu ko ya gurɓace a bar shi. A dafa bakin alƙalamin a fata sosai, a danna, a riƙe tsawon daƙiƙun da takardar cikin kwalin ta faɗa, yawanci 5 zuwa 10. Wani kuskuren da akan yi shi ne ɗagewa da jin tsinin allura, sai maganin ya zube a kan fata, a ce bai yi aiki ba. Ba a yin ta a jijiyar jini ko kaɗan, tana iya matse jijiyoyin zuciya.

Lokaci ma abin lura ne. Ba rigakafi ba ce. Masu ganin walƙiya-walƙiya kafin ciwon ya sauka su dakata sai kan ya fara sara, don yin ta tun a wannan matakin ba ya hana shi zuwa.

Inda muka fi ganin gazawarta shi ne iyaka: allura biyu kacal a awa 24, da tazarar aƙalla awa ɗaya. Ta biyun ma sai in ta farko ta yi aiki sannan ciwon ya dawo, abin da kan faru saboda maganin ba ya daɗewa a jini. In ta farko ba ta taɓuka komai ba, ƙari ba zai taɓuka ba. Mai kulasta da ciwon ke tasar masa sau huɗu ko biyar a yini, wannan iyaka ta yi masa kaɗan, shi ya sa likitoci ke haɗa masa da shaƙar iskar oksijin da maganin rigakafi. Wanda kuma ya kai kwana 10 a wata yana amfani da ita, maganin da kansa na iya zama sanadin ciwon kai na kullum.

Bayan allurar a sa ran zafi a wurin, ɗumi a fuska, jiri, da nauyi a wuya, muƙamuƙi ko ƙirji. Yana ba da tsoro a karon farko, amma yakan wuce cikin mintuna. In ciwon ƙirjin ya yi tsanani ko ya ƙi tafiya, ko numfashi ya sarƙe, ko fuska ta kumbura, asibiti za a nufa nan take.

Tunda aikinta matse jijiyoyin jini ne, ba ta dace da mai ciwon zuciya ba, ko wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, ko mai hawan jinin da bai daidaita ba, ko mai ciwon hanta mai tsanani. Ba a haɗa ta da ergotamine, wani maganin ciwon ɓarin kai, ko wani maganin danginta na tiriftan a cikin awa 24. Mai shan maganin ciwon damuwa irin fluoxetine ko sertraline ya gaya wa likita tun kafin a rubuta masa, haka mai juna biyu, da mai shan taba da ya manyanta.

A ajiye ta inda zafi bai wuce digiri 30 ba, nesa da hasken rana, ban da cikin motar da aka rufe da tsakar rana. Allurar da aka yi amfani da ita a jefa ta a kwandon allurai mai murfi.