Famfon zuƙo baƙin mai na batir: ga abin da na gani bayan na koma yin juye a gida

Jama'a masu tambaya ta kan ɗan famfon nan da nake zuƙe baƙin mai da shi, ga bayanin nan a dunƙule, na gaji da amsawa ɗaya bayan ɗaya. Motata Corolla ce 2006, 'yar Kwatano, injin 1ZZ mai 1.8, irin wadda ta cika titi, don haka duk abin da zan faɗa a kanta na gwada.

Famfon ɗan ƙarami ne, bai fi a riƙe shi da hannu ɗaya ba, kirar China, ba shi da wani suna da za ka ce ga kamfaninsa. Yana zuwa da waya mai bakin kada guda biyu, ja da baƙa, da tiyo biyu, ɗaya siriri mai ɗan tauri ɗaya mai kauri. Ja ta kama fulos ɗin batir, baƙa ta kama mainos, ka zare gejin mai ka zura siririn tiyon a ramin gejin har ka ji ya taɓa ƙasa, mai kaurin kuma ka jefa shi cikin tsohon galan, ka danna makunni. Shi ke nan. Kuɗinsa lokacin da na saya bai kai kuɗin galan ɗaya na mai mai kyau ba, amma farashi yanzu kun san yadda yake, ku tambaya da kanku.

Abin da ya sa na fara juye a gida ba kuɗin aikin bakanike ba ne, gaskiya kuɗin hannu a nan ƙasar bai taka kara ya karya ba. Abin da ya dame ni shi ne man da ake zubawa. Ka kai mota, a aiki yaro ya sayo mai da filta, ba ka ga inda aka saya ba, ba ka ga an fasa murfin a gabanka ba, kuma jabun mai ya yi yawa a kasuwa, ana cika tsofaffin galan da man da aka tace a bayan gida a liƙe a sayar kamar sabo. Sannan kusan kowace mota aka kawo man nan mai kauri, lamba 20W-50, ake ɗura mata, wai ai ƙasarmu da zafi. Littafin Corolla tawa 5W-30 ya rubuta, a jikin murfin wurin zuba mai ma an rubuta, kuma injin nan yana da VVT-i, wato tsarin da ke daidaita lokacin buɗewar bawul, wanda da matsin mai yake aiki ta wasu ƙananan hanyoyi, mai kauri sosai da safe lokacin sanyin hunturu yana ɗaukar lokaci kafin ya kai sama. In injinka ya tsufa yana shan mai wannan wata magana ce daban, kai da bakanikenka, amma lafiyayyen inji a ba shi abin da masu shi suka ce. Ni yanzu a gidan mai na babban kamfani nake sayen galan ɗina a rufe, da rasit.

To yaya aikin famfon? Yana zuƙa, amma sai ka san halinsa. In motar ta kwana mai ya yi sanyi, wallahi sai ka ji yana ta gurnani mai na fitowa kamar zuma, za ka tsufa a tsaye. Ka tayar da ita ta yi kamar minti biyar zuwa goma, ka kashe, ka ɗan jira, man ya zama da ɗumi ba zafi zau ba, don tiyon roba ne in zafin ya yi yawa laushi yake yi. Da ɗuminsa cikin kamar minti goma ya gama. Za ka ji ƙarar ta canza tana ɗan tari, iska ta fara shiga, sai ka ɗan ja tiyon sama kaɗan ka sake turawa, ka ɗan murza shi, sau da yawa sai ka ga wani man ya sake tahowa. A nan mutane ke yin gaggawa su bar kusan rabin lita a ciki su ce famfon ba ya aiki. Kada kuma ka yi ta cusa tiyon da ƙarfi bayan ya taɓa ƙasa, lanƙwashewa yake yi ya koma sama, bakinsa ya fita daga cikin man, wani lokacin ma ya maƙale.

Na auna abin da ya fito da layin jikin galan, sannan na kwance notin ƙasa don in ga saura nawa, abin da ya ɗigo bai kai kofin shayi ba. Wannan ya gamsar da ni. Duk da haka lokaci zuwa lokaci ina kwance notin, sifana 14 ce, don dattin da ya kwanta a ƙasa ya samu hanya, kuma in ka kwance ka canza 'yar washar nan, ba ta da tsada, ita ce ke hana ɗigo. Amfanin famfon da na fi so ma shi ne wannan noti ya huta. Sau da yawa motocin da ke zubar da mai ta wurin notin, ɗaure shi da ƙarfin tsiya ne ya cinye zaren.

Inda bai yi min ba kuwa, kuma mai sayarwa ba zai gaya maka ba, shi ne filta. A Corolla filtar a ƙasa take ta gaba, don haka ko ka zuƙe mai ta sama dole ka shimfiɗa kwali ka kwanta ka miƙa hannu. Masu Mercedes irin su C-Class da filtarsu ke sama cikin bonet su ne suka more, ba su ba kwanciya a ƙasa ko kaɗan. Wasu sababbin motocin kuma ba su da geji kwata-kwata sai na allo, su wannan famfo ba nasu ba ne, ka buɗe bonet ka duba kafin ka kashe kuɗinka. Ga masu Toyota irin tawa ku haɗa da abin kwance filta mai kamar kofi, 64mm, yana hawa kan filtar cif. Masu soka sukuddireba su huda filta su murɗa, don Allah a daina. Sabuwar kuma ka shafa wa robarta ɗan sabon mai da yatsa, ka tabbata tsohuwar robar ba ta manne a jikin inji ba, ka ɗaure da hannu kawai, in robar ta taɓa ka ƙara kamar kashi uku cikin huɗu na zagaye. In har sai ka ɗaga motar, kar ka kuskura ka shiga ƙarƙashinta tana kan jak kaɗai, rai ba a wasa da shi, ka samu ƙarfen tokara ko ka hau da ita kan wani abu mai ƙwari, ka ja birkin hannu ka sa dutse a bayan taya.

Wayar famfon gajera ce kuma siririya, bakin kadan ma ba shi da ƙarfi, sai na sa aka canza min su wajen mai gyaran wayarin. Tiyon fitarwa yana son zamewa daga jikin famfon in ba ka ɗaure da kilif ba, in ya zame kuwa rigarka ta tafi. Jikinsa na ɗaukar zafi, kar ka bar shi yana ta aiki babu mai a ciki. Kuma famfon na baƙin mai ne da man gas, wato dizal, kawai, kar wani ya ce zai zuƙi fetur da shi, tartsatsi ɗaya ya isa gobara.

Wajen zubawa, tawa lita 4.2 take ci in an canza filta, ka ga galan mai lita 4 zai ɗan gaza kaɗan, shi ya sa nake sayen mai lita 5, ragowar in ajiye a but don ciko. Ka sa mazurari, ka zuba 4 tukunna, ka tayar minti ɗaya ka ga fitilar mai ta mutu, ka leƙa ƙasa ko akwai ɗigo, ka kashe ka jira minti biyar sannan ka duba geji a wuri mai daidai, ka cika a hankali. Wuce layin sama ba gata ba ne ga inji, nan ma famfon na da rana don in ya yi yawa sai ka zuƙe kaɗan. Ni duk kilomita 5,000 nake juye saboda ƙurar hunturu da cunkoson cikin gari, ina rubuta lambar a takarda in liƙa a gefen ƙofa.

Tsohon man kuma tunda kai tsaye cikin galan yake shiga ba ya ɓata tsakar gida, wannan kaɗai ya sa uwargida ta daina ƙorafi. Kar a zuba a kwata ko a ƙasa, yana bin ruwa ya lalata rijiya, a rufe shi a ajiye nesa da yara. Masu buga bulo da kafintoci masu shafa wa katako saboda gara suna nema, wasu har da ɗan kuɗi suke karɓa.

In Corolla ce ko Camry gare ka kuma kana da inda za ka ajiye mota a gida, ka saya, ka haɗa da kofin filta da mazurari da safar hannu. In motarka tana da wata matsala a ƙasa, ɗigo ko ƙara, ka kai wa bakanike ya hau rami da ita ya duba, famfon ba ya ganin wannan.